Gindin Kwando

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya idon naki? Kina ɗiga maganin kuwa, ko yana bayan madubi yana hutawa? Na san Yaya ce za ta karanta miki wannan, to kada ta tsallake ko layi ɗaya.

Ranar Asabar na je gidan adana kayan tarihi, inda aka tara kayan al'ummomin duniya. Inna, ido ya sha kallo! Ga kwale-kwalen da aka fafe daga itace guda, ga fuskokin katako masu haƙora waje, har da rigar fatar kifi. Kifi fa! Ina ta tunanin wanda ya fara kallon kifi ya ga riga.

Sai na shiga ɗakin saƙa. Ga wani kwando a kan teburi, ba gilashi, daga wani tsibiri da ko sunansa ban iya faɗa ba. Kin san halinki, ba kya yaba kwando sai kin kifa shi kin ga gindi. Ashe abin a jini yake. Kafin in ankara hannuna ya kai. Mai gadi ya daka min tsawa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai kula da ɗakin, wata dattijuwa mai tabarau, ta iso. Na ba ta haƙuri, na ce ni 'yar masaƙiya ce, a gidanmu daga gindi ake duba aiki. Maimakon faɗa, sai ta sa safar hannu ta kifa min shi da kanta. Inna, ƙullin farawar irin naki ne sak, mai kama da cibiya! Ta ce waɗanda suka iya shi a can duk sun rasu, jikokinsu ma sun zo nan suna tambaya. Ta roƙe ni in nuna mata yadda ake yi.

Dole na faɗa mata gaskiya, ban iya ba. Shekara ashirin ina gefenki ina miƙo miki kaba, ban taɓa kallon yatsunki ba. Kullum sai in ce gobe. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, kuma kunyar har yau ba ta sake ni ba.

Na karɓi hutun sati biyu a wurin aiki, ina tafe ranar Laraba. Ki sa a jiƙa kaba. In idon ya ƙi, ki kama yatsuna da naki ki bi da su. Faɗa kuwa, ki yi iya son ranki, ba inda zan tashi in je.

A gaida Yaya da yaranta. Allah ya ƙara miki lafiya.

Taki,
Auta