Shanun da Ka Bar Mini a Madadin Inna

Zuwa ga Yaya Mudi, a Libreville.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu a nan Parakou sai godiyar Allah. Na rubuto maka a inda jama'a za su gani ne saboda tun makon jiya ka daina ɗaukar wayata. Kai ka ja.

Ka san Inna da hoto. Duk rayuwarta ba ta yarda an ɗauke ta ba, in ban da na katin shaida, shi ma ruwa ya cinye fuskar. Cewa take yi, "Mai son ganina ya tako ya zo, ƙofata ba kwaɗo."

Sai ranar sunan ɗanka na fari a gidanmu na Ladjifarani. Ina riƙe da 'yar kyamarar da maigidana ya sayo mini daga Cotonou, irin ta farkon fitowa mai ɗan gilashi a baya. Inna tana tuƙa tuwo, hayaƙi yana sa ta hawaye, ranta fes. Ta dube ni ta ce, "To ɗauka, kada ki ce ban bar miki gado ba." Ta aje muciya, ta gyara kallabi. Na yi ta ɗauka har batir ya mutu.

A satin ka zo aron kyamarar. Ka ce mahautan Cotonou sun gaji da tahowa arewa, yanzu dillali hoto yake kai musu su zaɓi sa. Ka tafi karar Djougou, ka dawo mini da katin ajiyar hotunanta kaɗai, wai saniya ta taka kyamarar. Na ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, har ni nake ba ka haƙuri.

Inna ta rasu da daminar da ta biyo baya. Ranar sadakar uku ka same ni a bayan ɗaki ina kuka, ka ce, "Rabi, ki adana katin nan kamar ranki, Inna tana ciki." Ban manta ko kalma ɗaya ba.

Na naɗe shi a auduga, na sa a gwangwanin man zafi, na tura ƙasan akwati. Na ƙi kai shi shagon intanet don an ce kwamfutocinsu cike suke da cuta mai cinye hotuna. Da na haifi mace aka sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi. Tun tana ƙarama take tambayata kamannin takwararta, ni kuma ina ce mata ta bari mu sami kwamfutarmu ta gida.

Bana Ummi ta shiga jami'a, babanta ya saya mata kwamfuta. Katin tsohon yayi ne, dogo siriri, ba ya shiga ko'ina. Sai da na zaga kasuwa kafin na sami lecteur ɗin da ake cusa shi a haɗa da kwamfutar. Na aika wa Iya Ladi, ƙanwar Inna, ta hawo zem, babur ɗin haya, daga Tourou da atamfarta ta sallah. Muka zauna a falo bayan la'asar, Ummi ta yi bismillah ta buɗe.

Farin bijimi, Yaya. Ga shi ta gefe, ga shi ta baya. Ga kofato, ga tozo. Ga ka kai kanka riƙe da ƙaho kana washe baki kamar ango. Ummi ta yi ta wucewa har ƙarshe, shanu ne kaf. Iya Ladi ta miƙe ta ce a ba ta buta, alhali ba ta daɗe da idar da salla ba.

Na kai katin wurin mai gyaran kwamfuta ko zai tono na ƙasa. Ya ce an share shi gaba ɗaya, sababbi kuma sun hau kan tsofaffi, babu abin da zai dawo. Ya ce irin wannan kyamarar sai ta tambayi mutum, "Effacer tout?", wato a share duka, kafin ta goge. Ka yi makaranta, Yaya, ka san abin da ka amsa wa oui.

Da gogewar ce kaɗai, wallahi da na yafe tun a shagon. Kati ya cika, ciniki yana jira, kowa yana iya yin wauta. Amma Inna tana da rai watanni bayan haka. Da ka buɗe baki ka faɗa mini, da na aro kyamara ko ta wace ce, na durƙusa mata har ta sake gyara kallabin. Ka gwammace ka tsira daga faɗan ƙanwarka na yini guda. Ka yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma na ji zafinta fiye da yadda zan iya rubutawa.

Kai ne kake goya ni zuwa makarantar allo in ƙasa ta yi zafi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, na sani. Ina sonka, kuma ina fushi da kai, duka biyun suna nan.

Jiya Ummi ta ce, "Mama, to ki kwatanta mini ita da baki." Na rufe ido. Muryarta ta zo, tafiyarta ta zo, ƙanshin turarenta ya zo. Fuskar ta ƙi. Ashe duk shekarun nan na saki jiki, na daina riƙe ta a kaina, don ka ce mini tana cikin kati.

In kai har yanzu kana iya ganinta, ka ɗauki waya. Ba faɗa zan yi ba. Ka faɗa wa yarinyar nan yadda idon kakarta yake, ni ma in saurara.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Allah ya sanyaya mini zuciya a kanka. Ranar da za mu tashi, Allah ya sa in gane ta.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Rabi