Idon da Kuka Ƙi Shaidarsa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Duban Wata na masallacin unguwarmu, Gwandu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Malam yana lafiya, na rubuto a fili ne saboda a fili aka mayar da shaidata.

Na farko. Allah ya gafarta Malam, kun san ni tun ina bin mahaifina bayan gari duban jinjirin wata. Kun kuma san lokacin da na daina zuwa. Ciwon da likitoci ke kira keratokonas ne ya kama ni: tantanin gaban ido ya yi siriri, ya yi tsini kamar kan malfa. Idan na ɗaga kai sai in ga wata ya rabu, wani kan wani. Ni na janye kaina, ba wanda ya kore ni.

Na biyu. An yi mini dashe. Akwai aikin da ake sauya tantanin gaba ɗaya, akwai wanda ake ɗauke saman kawai a bar na ciki. Na biyun aka yi mini, aka ɗinke da zaren da bai kai gashi kauri ba. Tantanin na wani mamaci ne da ya yi wasiyyar a bayar. Ban san sunansa ba, ina dai yi masa addu'a. Sauran idon nawa ne, wanda uwata ta haife ni da shi.

Na uku. Da magaribar ƙarshen Sha'aban na ga wata, guda ɗaya, tsaf. Na zo na shaida. Ba a tambaye ni inda ya tsaya ko inda ƙahonsa ya fuskanta ba. Aka ce ba a karɓar shaidar idon gawa. Ga wani mai tabarau yana zaune a gefenku, an karɓi tasa shaidar bara.

Na ji zafi, amma ba shi ya sa ni rubutu ba. Ƙanena Sani, mai koyarwa a Kalgo, yana da ciwon nan, ya kai inda tabarau ba ya yi masa amfani. Likita ya sa shi a layin dashe. Da labarina ya kai masa, sai ya ce a cire sunansa, wai gara ya makance da a riƙa nuna shi. Yanzu sai ya manna littafi a hanci yake karatu.

Roƙona biyu ne. Ku bincika hukuncin dashen nan wurin malamai da likitoci. Abin da kuka samu, ku faɗe shi a masallaci, inda kuka faɗi hukuncin farko.

Watan da kuka ƙi, washegari kowa ya gan shi, azumin da ya wuce kuwa ana iya ramawa. Idon Sani ba zai jira haka ba.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya bar masa ganinsa har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Umaru mai ɗinkin hula, Gwandu.