Layi ɗaya da ya karya hannun Baba mai kira

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare mana kai a inda kake. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana fita tsakar gida ba sanda.

Yaya, da nauyin zuciya nake rubuto maka. Ka san manhajar da na rubuta wa ma'ajiyar kayan da nake aiki, wadda ke jera direbobin manyan motoci bisa wanda ya riga zuwa. Ranar Litinin na gyara wurin jerawar da fankshin marar suna, irin guntun umarnin nan na layi ɗaya da ka koya mini, wanda ake amfani da shi nan take ba a raɗa masa suna. Cikin sauri na juya haruffa biyu, ban gwada ba. Washegari jerin ya fito a kife. Wanda ya kwana uku yana jira ya koma ƙarshe, wanda ya iso da safe ya hau gaba.

Baba mai kira, dattijon da ke karanta sunaye a lasifika, abin da ya gani a allo ya karanta. Kafin ya kai suna na biyar direbobi suka yo kansa, suna cewa ya ci hanci. Suka fasa gilashin tagar ofishinmu, suka finciko shi ta kwala har waje. Wani ya sauke masa ƙarfen kwance taya a hannu, na ji ƙarar ƙashin daga ƙarƙashin teburin da na ɓuya. Suna tattaka shi yana rantsuwa, jini ya rufe masa ido, sai da masu gadi suka zo da kulake sannan suka ƙyale shi.

Da yamma na gano layin umarnin da na yi kuskuren a cikinsa. Manaja ya ce in gyara in yi shiru, a ce na'ura ce ta rikice, ba wanda zai bi diddigi. Amma direbobi ba su yarda da zancen na'ura ba, har yanzu ɓarawo suke kiran Baba. Jiya na je asibiti na faɗa masa gaskiya ina kuka. Ya ce ya yafe hannun, amma in mayar masa da mutuncinsa, domin 'ya'yansa sun daina fita unguwa.

Gobe da safe ni zan riƙe lasifikar nan a gaban direbobin, in faɗa musu wanda ya yi kuskuren. Ina jin tsoro ƙwarai. Ka sa ni a addu'a, kuma don Allah kada Inna ta ji.

Ka gaishe mini da matarka da Auta. Gwaggo na gaishe ka.

Taka ƙanwa har kullum.