Na Duba Baba Daga Kai Zuwa Cibiya

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi min dariya ko faɗa ba. Ki sakaya sunana.

Ni likita ce sabuwa fil, yanzu nake shekarar koyon aiki a wani babban asibiti. Babana kafinta ne. Da zarto da guduma ya yi min karatun nan, kuma tun ranar da na gama bai sake kiran sunana ba, sai Likita. Ko ruwa yake so, sai ya ce Likita ta taimaka. Mutum ne mai barkwanci, amma in ya kafe a kan abu sai dai a haƙura. Asibiti kuwa ba ya zuwa. Yana da wani amini tela da suke hira a bakin shago, ciwon ƙafa ya kai shi asibiti, aka yanke ƙafar, bai fito da rai ba. Tun daga nan Baba ya ce shi da asibiti sai dai ya raka wani.

Kwanakin baya Mama ta ja ni kicin ta ce Baba yana ramewa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan fita fitsari. Na yi lallashin duniya ya zo wurin aikinmu a duba shi. Ya ce a kan me zai je wani ƙato ya tattaɓa shi alhali Allah ya ba shi likita a cikin gida. In dai dubawa ce ni zan duba shi, in ba haka ba a ƙyale shi. An sha gaya mana a makaranta ba a son likita ya duba na jikinsa, amma na ga in na ƙi, shi ke nan babu mai duba shi.

Bari in yi miki bayanin yadda aka koya mana. Akwai babban likitan da muke ƙarƙashinsa, muna ce masa Jan Biro saboda yadda yake zane mana takardu. A wurinsa ana bin mutum ne tun daga gashin kai har yatsun ƙafa, a rubuta kowane sashe a jere. Abin da idonka bai gani ba, hannunka bai taɓa ba, kada ka kuskura ka rubuta lafiya lau, sai dai ka rubuta ba a duba ba. Ya taɓa yaga takardar wani abokin aikinmu don ya rubuta haƙora lafiya, ga tsohuwar kuwa ko haƙori ɗaya babu a bakinta.

Ranar hutuna na zo gida da kayan aikina. Anti, Baba wanka ya yi, ya sa sabuwar riga har da turare, ya hakimce a doguwar kujerar falo wadda ya ƙera da hannunsa. Mama tana leƙe daga ƙofar kicin. Na haska idanunsa da tocila, na duba kunne da hanci, na ga harshensa a bushe. Na lalubi wuya, na auna jininsa ya ɗan hau. Da na ɗora abin sauraren ƙirji, sai ya ce wai in saurara da kyau, sunan Mama kawai zan ji a ciki. Muka yi dariya. Na ce ya kwanta, na danna cikinsa ta sama, ɓangaren hanta da na saifa, komai daidai. Ina isa cibiya hannuna ya ƙi gaba. Wallahi ƙi ya yi. A asibiti na duba dattawa sa'anninsa ba adadi ko gezau ban yi ba, amma a nan na kasa. Kuma akwai irin dubawar da ake yi wa dattijo mai matsalar fitsari, wadda ko a baki ba zan iya furta wa mahaifina ba.

Sai na tsallake na nufi ƙafa. Da safa a ƙafarsa, cikin zafin nan. Ina kai hannu ya janye, wai ƙafar da ta kawo shi falo da kanta ai ba ta neman likita. Na yi dariya na bari, har ma na ji wani sanyi a raina don dama na ƙagu a gama.

Na zauna na rubuta komai yadda aka koya min. Daga kai zuwa cibiya na cika layi-layi. Ƙasan ciki na rubuta ba a duba ba, ƙafafu ma haka, na sa hannu. Ya tambaye ni yaya aka gani, na ce Alhamdulillah, abin da na duba dai da sauƙi, amma sai an yi gwajin jini da na fitsari. Ya ce to. Ya karɓi takardar wai zai adana.

Da na dawo mako na gaba, me zan gani? Takardar nan a bangon falo, cikin firam da gilashi, kusa da hotona na gama makaranta. Da kansa ya ƙera firam ɗin, ya goge shi yana sheƙi. Duk baƙon da ya shigo sai ya tashe shi ya nuna masa, wai Likita ta duba shi daga kai har ƙafa ba ta sami komai ba. Kin san mugun rubutun nan namu da gajerun haruffan likitoci, babu mai iya karantawa. Sai su gyaɗa kai su sa min albarka, ni kuwa in yi tsuru-tsuru. Da na tuna masa maganar gwaji, ya nuna bango ya ce me kuma ya rage.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Mama ta ce Baba ya koma wanke safarsa da kansa, mutumin da ko hankici bai taɓa wankewa ba. Alwala ma a banɗaki yake yi ya rufe ƙofa. Ta tsinci safa ɗaya a bayan kwandon shara da wani tabo ruwan ɗorawa, tana wari. Sannan ta tuna ya taɓa ba ta labari yana dariya cewa ya taka ƙusa a shago bai ji ba, sai da ya ga jini a takalmi. Anti, na san abin da wannan yake nufi. Mai ciwon suga ƙafarsa takan mutu ta daina jin zafi, ƙaramin rauni ya ci ya yi ta ci. Irinsu nake gani kullum a ɗakin marasa lafiya, kuma na san inda abin yake ƙarewa in an yi jinkiri.

Na kai wa yayana maganar, ya ce in bar tsoho ya ji daɗinsa, rabon da a ga Baba da fara'a haka tun kafin rasuwar tela. Wai in na ce takardar ba ta cika ba na kunyata shi a gaban duk wanda ya nuna wa. Mama kuma kullum sai ta bi ni da ido, ta ce ke ce fa likita. To ni ɗin ce, amma a gidan nan ban san ko wace ce ni ba. Ina shiga falo sai in koma yarinyar da ake aika ta sayo ashana.

Ƙarya na yi? A takarda ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba, Jan Biro da kansa ba zai sami abin zanewa ba. Amma ga gaskiyar tawa a rataye tana aikin ƙarya. Ko Alhamdulillah ɗin da na ce ita ce laifin? A wurin aiki na zama abin tsokana, duk wanda ya shigo sai na sa ya cire safa, ko da ciwon kunne ya zo. Har yabona Jan Biro ya yi a gaban mutane, na shiga banɗaki na yi kuka.

Wani lokaci in ce in sauke firam ɗin kawai. Wani lokaci in ce in kawo wani abokin aikina namiji a matsayin baƙo, ya yi dabara ya duba shi. Ko in gaya wa Jan Biro, amma ina tsoron abin da zai ce. Babban tsorona shi ne, ni kaɗai ce likitar da Baba ya yarda da ita a duniya. In ya ji aikina rabi ne, ya daina yarda da ni ma, wa ya rage? Ina zan fara, Anti?

'Yar kafinta

*

Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki, ki zauna mu yi magana, amma a gurguje, don ƙafar nan ba za ta jira mu ba.

Ni ba likita ba ce, sai dai na ga iyaye da yawa. Ba ki yi ƙarya ba. Layukan nan da kika rubuta ba a duba ba su ne mafi daraja a takardar, don da kin cike su da lafiya lau, da yau ba ki da bakin magana. Hannunki da ya tsaya a cibiya ma bai yi laifi ba, tarbiyya ce, kuma saboda irin wannan ne malamanku suka ce kada ku duba na jikinku. Inda kika yi sake shi ne shirun da ya biyo baya. Duk ranar da aka nuna wa baƙo takardar kika sunkuyar da kai, kin ƙara sa mata hannu ne.

Kina ta tambayar kanki ko kin ruɗi Baba. Ni a ganina Baba bai ruɗu ba. Mutumin da ya koma wanke safarsa a ɓoye ya san abin da ke cikinta sarai. Yana alfahari da ke, wannan gaskiya ne, kada ki yi shakka. Amma ya kuma san duk duniya ke kaɗai ce likitar da zai janye wa ƙafa da wasa ta ƙyale shi. Bai rataye takardar don baƙi kawai ba, ya rataye ta ne don ya riƙa kallo yana kwantar wa kansa da hankali. Tsoro yake ji, 'yata. Ya ga abin da ya sami amininsa, ya ɗauka asibiti ne ya ci shi. Ke kin san yawanci jinkirin zuwa ne yake jawo haka, kuma ke ce za ki iya fahimtar da shi.

Yayanki yana da tasa gaskiyar, mutuncin dattijo ba abin wasa ba ne. Don haka kada ki sauke firam ɗin, kada ki yi maganar a gaban baƙo ko a gaban yara. Amma fara'ar da yake so a bar wa Baba ba za ta daɗe ba in ƙafar ta ci gaba da ci. Batun kawo abokin aiki da sunan baƙo kuwa ki bar shi. Baba ba yaro ba ne, zai gane, kuma ranar ce zai daina yarda da ke da gaske.

Ki fara da malaminku, gobe da safe. Zai yi faɗa, ki shanye, ba a kansa aka fara yi miki faɗa ba. Mutumin da yake yaga takarda saboda haƙoran tsohuwa ba zai yi wasa da ƙafar mahaifinki ba. Ki roƙe shi ya duba Baba da kansa ko ya haɗa ki da wani dattijon likita namiji, a sa lokaci a cikin kwanakin nan, a shirya gwajin jinin a rana ɗaya don kada a yi ta kai da kawo da shi.

Sannan ki sami Baba, daga ke sai shi sai Mama. Ki karanta masa takardar da Hausa, layi-layi, har ki iso inda kika tsaya. Ki gaya masa kai tsaye cewa kunyarsa ce ta hana ki ƙarasawa, kuma sauran aikin na likita ne namiji irinsa. Babu uban da zai raina 'yarsa don ta ji kunyarsa. Kada ki yi masa alkawarin abin da ba ki da iko a kai, kada ki ce ba za a taɓa ƙafar ba. Ki ce masa dai zuwa yau ya fi zuwa wata mai zuwa nesa ba kusa ba, kuma duk ɗakin da aka shiga da shi kina bakin ƙofa.

Ƙafa kuwa babu kunya a cikinta tsakanin uba da 'ya. Ki durƙusa a gabansa ki roƙe shi ya ba ki ita. Zai yi barkwanci, kin san halinsa. Wannan karon kada ki yi dariya, kada kuma ki tashi. In kuka ya zo miki ki bar shi ya zo, ya gani da idonsa. Zai iya musu da likita har gobe, amma ban ga uban da zai daɗe yana kallon 'yarsa a durƙushe tana kuka a kan ƙafarsa ba.

Allah ya ba Baba lafiya, ya bar shi a tsaye a kan ƙafafunsa biyu, ke kuma ya yi wa aikinki albarka.

Antinku