Ranar da Motar Baba Ta Yi Shiru

Zangwatin, Wagadugu
Satumba, 2003

Zuwa ga Yayana Auwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Khadijatu da yara. Ya kasuwar Kano? Mu nan ƙalau muke, sai dai jan fentin da aka zo aka shafa a bangon gidanmu. Ka san ma'anarsa, rusau ya iso layinmu. An ba mu fili can bayan gari, mun ja ɗaki biyu, amma Baba ya ce ba inda za shi. Tun da idonsa ya rufe, gidan nan kaɗai ya sani da ƙafarsa, ya zan yi da shi?

Ga kuma motarsa, wadda ni nake ja yanzu ina kai atamfofi kasuwa. Ka tuna ƙas-ƙas ɗin da take yi in an sha kwana? To, ya ƙaru. In na karyo kwanar Mamunatu mai ƙosai, har kaji watsewa suke. Na kai ta garejin Kalla a unguwar Widi, ya ce kardan ne, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayar gaba. Ya ce in na loda mata kaya na hau hanyar sabon fili, a tsakiyar laka za ta ajiye ni.

Abin da ya ɗaure mini kai, Baba ya hana a gyara. Mutumin da ya tsufa a kan sitiyari tsakanin nan da Maraɗi, wanda da in ƙusa ta yi motsi ba ya barci! Na tambayi dalili, ya ce in je in ɗora abinci. Ka san ni da bin diddigi, sai na gano.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka,
Ni'ima

Oktoba, 2003

Yaya Auwal,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zazzaɓin ɗanka Abdulrazak ya sauka, Allah ya ƙara sauƙi.

Na gyara motar ba da sanin Baba ba, kada ka yi mini faɗa. Kalla ya ce in tafi in dawo, na ce ko kusa. Na shimfiɗa kwali na zauna ina kallo, har ya ce zai ɗauke ni aiki. Ya ɗaga motar, ya cire taya, ya kwance wani ƙaton noti, ya zaro sandar, mai na ɗiga. A bakinta akwai wata roba mai ninki-ninki da suke kira sufle. Ita ce ta yage tun tuni, giris ya zube, yashi ya samu gida. Da ya wanke kan sandar, sai ga ƙwallayen ƙarfe a cikin wani ɗan keji, kamar gurjiya a kwanso. Ashe su ke bari taya ta juya hagu da dama alhali tana gudu. Yashi ya ci musu hanya, shi ya sa suke tsalle suna kuka. Wallahi na daɗe ina juya abin a hannuna, ina mamakin wanda ya fara tunaninsa. Ya sa wani kardan na gwanjo, ni kuma na jefa tsohon a but ɗin motar, don na ƙi rabuwa da shi.

Na dawo gida mota tana tafiya sumul. Na ajiye ta, na shiga ta ƙofar baya, na yi wanka, na yi magariba. Can na ji muryar Baba a ƙofar gida yana tsayar da masu wucewa, yana tambaya ko an ji labarin hatsari a hanyar kasuwa. Na fito da gudu. Da ya ji muryata ya kama hannuna.

Yaya, ashe kukan nan shi ne idonsa. Kullum da la'asar yake fitowa ya zauna, in ya ji ƙas-ƙas daga kwanar Mamunatu ya san na dawo lafiya, sai ya shige kamar shan iska ya fito. Ni kuwa ban taɓa lura ba. Na gano abin da nake nema, amma ban ji daɗinsa ba. Yanzu ya ce wannan ba motarsa ba ce, ba zai shiga ba, ga katafila ta fara cin layin bayanmu.

Ka taya ni addu'a.
Ni'ima

Nuwamba, 2003

Yaya Auwal,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Daga sabon gida nake rubuto maka, Baba yana nan kusa da ni yana jan carbi.

Ga yadda aka yi. Ranar tashi an kwashe komai, saura shi da kujerarsa. Liman ya yi magana, Mamunatu ta yi kuka, ko gezau. Da dabara ta ƙare mini sai na tuna da tsohon kardan. Na ɗauko na ɗora masa a cinya. Ya shafa shi daga kai zuwa gindi, ya zura yatsa a yagaggiyar robar suflen, ya ce ai ya san ranar da ta yage, ranar da ya kai Inna asibiti cikin ruwa ne. Ya murɗa kan, abin ya ce ƙas. Ya yi ɗan murmushi, ya ce Kalla ya yi gaskiya, wannan ba zai kai mu ba. Sannan ya miƙo hannu na tashe shi.

A mota ya rungume kardan ɗin, ya ce shi zai nuna mini hanya, don ban iya komai ba. Yana kiran wurare ɗaya bayan ɗaya: gidan Alhaji Mani mai goro, famfo, shagon tela. Duk inda ya ce in karya, sai ya murɗa ƙarfen da hannunsa ya yi ƙas-ƙas. Yaya, ba ko ɗaya daga cikinsu da ke tsaye. Fili ne fetal da tarin bulo, da na so sai in miƙe sak har bakin kwalta.

Da muka zo inda kwanar Mamunatu take a da, ya ce in rage gudu, in yi hagu a hankali saboda yara. Ba yara, ba bango, ba kwana. Na rage gudu, na sa sigina, na karya sitiyarin har ƙarshe.

Yanzu in na dawo daga kasuwa ina danna oda, wato hon, sau biyu tun daga nesa. Ya ce oda ta 'yan koyo ce, amma jiya da na danna na hango shi yana tashi daga ƙofa zai shige.

Baba yana gaishe ka, ya ce ka zo ka ga inda aka ajiye mu.

Taka har kullum,
Ni'ima