Sun Ce Ni Na Sayar da Kawuna ga 'Yan Fashi

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, manya da ƙanana. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, garinmu ba shi da girma, ko ba suna ma wasu za su gane ni. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a. Ku yi haƙuri da rubutun, da hannun hagu nake dannawa, na daman a karye yake.

Ni ma'aikaciyar banki ce a Dogon Dutsi, a gishe nake zama, wato tagar da ake ajiye kuɗi da cira. Asalina 'yar Matankari ce. Babana ya rasu ina ƙarama, Inna ta koma da ni gidan wanta, shi ne Kawu, shi ya ci da ni, ya sa ni lakkol har na gama karatu a Yamai, shi ya yi mini aure. Har yau Inna a gidansa take. Kawu ɗan kasuwar wake ne, da kaka yana bin kasuwannin ƙauye yana saye yana tarawa, sai farashi ya tashi ya fitar. Mutum ne mai kyauta, amma ga zuciya, ga murya, ko gaisuwa yake yi da kai sai na bayan layi ya amsa.

Masu aikin banki sun sani, amma bari in yi wa saura bayani. Idan mutum ya zo ajiye ko cirar tsabar kuɗi da suka wuce wata iyaka da doka ta sa, dole mu karɓi katinsa, mu tambaye shi daga ina kuɗin suka fito ko me za a yi da su, mu shigar a ordinata, wato kwamfuta, bayanin ya tafi ga hukumar da ke sa ido kan kuɗin 'yan ta'adda da masu safara. Ba zargi ba ne, ba kuma son raina ba ne, ko limamin gari ne sai an yi masa. Tun da tsaro ya lalace ta wajen iyaka abin ya ƙara tsanani, ka tsallake tambaya ɗaya shef, wato shugabanmu na banki, zai kira ka biro ya wanke ka tas.

To kakar bana Kawu ya zo cirar kuɗin sayen wake, masu yawa sosai. Da ma wani dattijon abokin aikina ne yake yi masa, su biyu sun san yadda suke lallaɓa juna, ranar kuwa ba ya nan. Ina hango Kawu gabana ya faɗi, don ku ma kun sani, a wajenmu ɗiya ba ta buɗe baki ta tambayi wanda ya raine ta me zai yi da kuɗinsa. Na tashi na roƙe shi ya shiga biron shef a yi masa a can cikin sirri, ya ce shi ba ɓarawo ba ne da za a shigar da shi ɗaki, ga ɗiyarsa zaune. Na koma na zauna, na sassauta murya iyakar iyawata, na ce Kawu a yi haƙuri aiki ne, me za a yi da kuɗin. Wallahi kamar na watsa masa ruwan zafi. Ya ja da baya, ya juya rabi ga mutane rabi gare ni, ya ce:

"Ke, ni kika tambaya mi za ni yi da kuɗɗina? Ni da nis sa ki lakkol? To rubuta. Wake za ni saye Ɗan Kassari, gobe da sahe, bisa babur. Ko launin wandon da za ni sawa kika so in hwaɗi miki?"

Zauren bankin cike yake, ranar biyan albashi ce, ga 'yan kasuwa, ga fuskokin da ban taɓa gani ba. Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai na shigar da abin da ya faɗa. Da aka tashi aiki na kira shi a waya na ce don Allah ya canza rana ko ya raba kuɗin, tunda duniya ta ji. Ya ce na kunyata shi a cikin mutane bai ishe ni ba, yanzu kuma zan koya masa kasuwa, ya kashe wayarsa.

Washegari aka tare su a hanyar rairayi kafin su isa. Mai babur ɗin da ya ɗauko shi, magidanci ne mai iyali, harbi ɗaya suka yi masa a ƙirji, ko shurawa bai yi ba. Kawu ya rungume jakar ya ƙi saki, suka sa adda suka sare masa hannu, yatsunsa na dama babu ko ɗaya yanzu, suka harbe shi a cinya suka bar shi yana ja da ciki. Wani mai amalanken jaki ne ya tsince shi. Abin da ya kashe ni shi ne, da ya farfaɗo ya ce ba su yi lalube ba, kai tsaye suka ce ya kawo kuɗin wake.

Daga nan magana ta juyo kaina. Da ma a garin nan an daɗe ana cewa 'yan banki ne ke ba ɓarayi labari. Sai ga shi an tuna na sayi sabon babur bana, alhali bashin ma'aikata ne ake cira a albashina. Mutanen da suka yi dariya a zauren nan ranar, kowa ya zama kurma, babu wanda ya ji Kawu ya faɗi komai, ni kaɗai ce mai kunne a Dogon Dutsi. Na je likita duba shi, matan gidanmu suka ɗauke kai, kwanon abincin da na kai aka maido mini da shi ko buɗewa ba a yi ba.

Babban ɗan Kawu, bari in kira shi Mamman ko da yake ba sunansa ba ne, tobashina ne, tare muka tashi a kwano ɗaya. Duk shekara sai ya zo har gida ya tsare ni da tsokana sai na ba shi kuɗin shara. Shi ne ya zo ranar Asabar da la'asar, da ƙannensa da wani ɗan'uwan marigayi mai babur. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, mijina, mushe ne, wato malamin lakkol, yana gyaran takardun yara a ƙarƙashin rumfa. Ko sallama babu. Mamman ya shaƙo wuyan rigata yana tambaya nawa aka ba ni, kafin in ba da amsa ya zabga mini sarƙar babur a baya. Na kare fuskata da hannu, ƙaninsa ya sauke mini sanda a hannun, na ji ƙashin ya ce ƙas. Mijina ya taso ya shiga tsakani, suka ɗauki taɓaryata suka fasa masa kai, ya faɗi jini na bin takardun yaran mutane. Suka ja ni a ƙasa da gashina har ƙofar gida, suka fito da babur ɗin suka zuba masa esansi daga kwalba suka cinna wuta a gabana. Mamman ya ɗaga sauran kwalbar ya nuna mini, ya ce wannan tawa ce, ajiye mini ita zai yi. Ba don maƙwabta sun fito da sanduna ba, da ba ni ke rubutun nan ba. 'Yata ƙarama tana tsaye a bakin ɗaki ta ga komai, tun ranar ko tabarma aka buga sai ta ruga bayan randa.

Ba zan ɓoye muku ba, na tsani Mamman yanzu, tsanar da ban san zuciyata na iya ɗauka ba. Kuma raina ya ɓaci da Kawu, don bakinsa ne ya jawo mana wannan, amma wa zai faɗa wa mutumin da ke kwance ba yatsu haka?

Dattawan dangi suka zauna a Matankari suka yanke cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in zo in yi alwala in dafa Alƙur'ani a gaban kowa, in rantse ban faɗa wa kowa ba, ban rubuta wa kowa ba, ban aika wa kowa labarin kuɗin Kawu ba. In na rantse magana ta mutu, su Mamman su ba ni haƙuri. Kun san rantsuwar dangi, yadda aka faɗa maka haka za ka maimaita, ba a saka amma a ciki. To jama'a ni na rubuta, kuma na aika. Ba ga ɓarayi ba, Allah shi ne shaidata, amma na rubuta inda za shi da abin da zai saya, bayanin ya tafi ga hukuma a Yamai. Na gwada yi wa Inna bayani, tun ban kai ƙarshe ba ta toshe mini baki da hannunta tana kuka, ta ce kada in kuskura in sake faɗin haka ko a mafarki, don suna jin na rubuta na aika ba za su tsaya jin ga wa ba, a wurin za su kashe ni. Kuma gaskiyarta ne, na san 'yan gidanmu.

Na je wajen shef, ya ce maganar kwastoma da abin da muke aikawa sirrin aiki ne, in na tsaya gaban taro na zayyana, aikina ya tafi kuma ina iya samun kaina gaban alƙali. Ya ce zai nema mini canjin wuri zuwa wani gari. Amma in na tafi ai na amsa laifi ke nan, kuma Inna fa, a gidan wa zan bar ta? Mijina kuma da ɗinki a kai ya rantse sai ya kai ƙara jandarma, ga takardar likita a hannunsa, ya ce in na hana shi to in zaɓa tsakaninsa da dangina. In ya kai, 'ya'yan Kawu za su tafi kaso uban yana kwance, kuma sunana ya tashi daga wadda ta sayar da kawunta ya koma wadda ta sayar da shi ta ɗaure masa 'ya'ya.

Jiya na saci jiki na shiga wajen Kawu lokacin da masu jinya suka fita salla. Na ɗauka zai kore ni. Ya daɗe yana kallon hannuna da ke ɗaure, sai hawaye, ban taɓa ganin hawayen mutumin nan ba ko ranar da aka binne mahaifiyarsa. A hankali ya yi magana, ban san yana da irin wannan muryar ba:

"Ɗiyata, ni na san ba ki yi ba. Ki zo Juma'a ki aza hannu ki ce ba ki hwaɗa ma kowa ba, in samu abin da za ni riƙe yaran ga da shi. In kin ƙiya, ba ni iya tare su, kin ga hannun."

Na gyara masa zane na fito.

To ku faɗa mini, don Allah, musamman malamai da masu aikin banki da ke cikin zauren nan. In dafa Alƙur'ani in faɗi abin da na san ba haka yake ba, don in tsira da raina da aurena da zaman Inna? Ko in tsaya gabansu in ce na rubuta, in bar wa Allah sauran, alhali kwalbar Mamman tana nan ajiye? Ko in bar mijina ya tafi jandarma tun kafin Juma'ar? Ni dai ban sayar da Kawu ba, aikina na yi, amma ban san yadda zan faɗi gaskiyar nan in kwana da rai ba.