Takun Baban Yara

Litinin, 3 ga Maris

Ina wanke-wanke Auta ta kunna tallar sabon fim ɗin yaƙin nan a wayarta. Ban ma duba ba. Sai na ji taku a kan tsakuwa, ƙafa ɗaya da ƙarfi, ɗayar ana jan ta. Na saki kofi na juya wajen ƙofa. Wata bakwai da rasuwar baban yara, amma na juya.

Auta ta ce, "Umma, soja ne fa." A ido soja ne. Ƙafar kuwa ta babanta ce.

Laraba, 5 ga Maris

Shekara ashirin baban yara yana gaya min aikinsa sa wa fim sauti, shi ke yin takun da ake ji in 'yan wasa na tafiya. Ni dai na san yana fita da tsofaffin takalma a buhu. Nakan yi masa tsiya: "Mazan mutane na tafiya su isa wani wuri, kai tun safe kana taka akwatin tsakuwa ɗaya." Ya ce, "Shi ya sa ban taɓa ɓace miki ba."

Ban taɓa zuwa na gani ba. Ko sau ɗaya.

Asabar, 8 ga Maris

Dogo, abokin aikinsa, ya zo da tikiti biyu. Wai baban yara shi kaɗai ya taka wa sojoji arba'in, kowa da irin tafiyarsa. Arba'in! Takun wanda aka harba kuwa bai yi kwaikwayo ba, ya saki gwiwarsa mai ciwo ta yi yadda ta saba. Lokacin numfashi ya fara yi masa wuya, masu fim ɗin kuma suka bar numfashin a ciki.

Talata, 11 ga Maris

Auta ta karanta min abin da masu sharhi suka rubuta. Wani ya ce fim ɗin ya cika tsawo. Wata ta ce ba harbin ne ya tsorata ta ba, sawun wani soja ne shi kaɗai a kan gada. Ba ta san na waye ba. Na sa Auta ta maimaita sau uku.

Wai layin tikiti ya kai bakin titi. Yaya ta ce, "Ke dai kar ki je ki fama ciwo."

Alhamis, 13 ga Maris

Ba zan je ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na je. Ɗaki ya cika maƙil, har da na tsaye. Da aka kashe fitila na rufe ido, ban sake buɗewa ba. Ikon Allah! Yana gudu, yana rarrafe, yana hawa tudu, mutumin da matakala uku ke gajiyar da shi. Da aka zo gadar nan, ɗaruruwan mutane suka yi tsit suna sauraron mijina yana tafiya. Wani dattijo a gefena yana jan hanci. Na so in taɓa shi in ce, ba komai, haka yake tafiya, zai isa.

Lahadi, 16 ga Maris

Yaya ta zo tana ta tambaya, wa ya ci yaƙin, jarumin ya mutu? Na ce ban sani ba. Ta ce, "To me kika je yi, barci?" Dariya ta ƙwace min, har Auta ta leƙo daga ɗaki tana kallona. Ba wata dariya ba ce sosai.

Fim ɗin kansa dai har yanzu ban gan shi ba.